Makarantar 'yan mata mai zaman kanta: mi za a rubuta a tarihinta da manufarta?

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Kaura Namoda ne. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta bar mana Islamiyyar yara mata wadda ta faro a zauren gidanmu, yanzu mun kai ta firamare kuma muna son buɗe sakandare ta mata zalla. An ce mu kawo tarihin makaranta da manufarta a rubuce. Wani abokina ya ba ni na wata makaranta ya ce in canza suna kawai. Shin wanga rubutu yana da wani amfani ko dai cika takarda ne? Kuma tsakani da Allah akwai buƙatar makarantar kuɗi ta mata zalla alhali ga na gwamnati nan?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Hajiya mahaifiyarku, ya sa wanga aiki da ta faro ya zame mata sadaka mai gudana, ku kuma ya ba ku ikon riƙewa. In na fahimce ka abu biyu kake tambaya, amfanin rubuta tarihi da manufa, sai kuma ko akwai dalilin da za ku ɗora ma kanku sakandare ta mata zalla. Da na farkon zan fi daɗewa, don in kunka zauna kunka rubuta shi da gaskiya to shi da kansa zai gaya muku ko ku buɗe ko ku dakata.

Ka mayar ma abokinka da takardarsa tare da godiya. Ba wai don ma'aikatar ilimi za ta kama ku ba, mai yiwuwa ba wanda zai karanta ta har ƙarshe, abin da masu dubawa sunka fi sa ma ido shi ne fili da azuzuwa da banɗaki da takardun malamai. Amfaninta a cikin gida yake. Ni na koyar kuma na riƙe makarantar mata mai zaman kanta a nan Gusau, kuma duk wata rigima babba da na gani, ta ƙarin kuɗin makaranta ce, ta korar yarinyar da ba ta biya ba ce, ta gado ce, in ka bi diddiginta sai ka tarar ba a taɓa rubuta don wa anka kafa makarantar da kuma wa ke da ita ba.

Abin ba daga gare ku ya faro ba

Tarihin makarantarku reshe ne na wani dogon tarihi, kuma ya kamata ka san shi ko don amsa masu cewa karatun ɗiya mace baƙon abu ne a ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda anka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta tsara 'Yan Taru: a zaɓi dattijuwa mai hankali a naɗa ta jaji, a sa mata malfa da jan rawani, ta riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka suna zuwa ɗaukar karatu, ta koma ta karantar da na gida da waƙoƙin da anka tsara da Hausa da Fillanci don su yi sauƙin hardacewa. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon abin. Yau kowa na son ya liƙa sunan Nana a allon makarantarsa, amma abin da ni ya fi burge ni a tsarinta shi ne ta duba yadda rayuwar mace take, da aure da goyo da aikin gida, sai ta gina karatun a kan haka, ba ta ce sai mace ta ajiye rayuwarta a bakin ƙofa sannan ta shigo ba.

Na boko kuwa sai 1930 Turawa sunka buɗe makarantun mata na farko a Kano da Katsina, Sakkwato da Birnin Kebbi sunka biyo baya cikin shekarun 1930, a 1939 kuma anka buɗe cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato. Mafi yawan ɗaliban daga gidajen sarauta da na ma'aikatan En'e anka ɗebo su, kuma abin da anka fi ba ƙarfi tsabta ne da ɗinki da renon yara. Ka ga ita ma manufa ce, a samar ma ma'aikata matan aure masu ɗan karatu, kuma abin da anka nufa shi anka samu, ba a samu likitoci ba don ba su anka nufa ba. Ƙofa ba ta buɗe ma ɗiyan talakawa da yawa ba sai da shirin ilimin firamare kyauta na UPE ya zo a 1976, sannan shirin ilimin bai-ɗaya na UBE da anka ƙaddamar a Sakkwato a 1999.

Irin makarantarku kuwa daga wata hanya ta fito. Daga shekarun 1980 Islamiyyu na zamani masu aji da benci da allo sunka yaɗu, mata sunka shige su sosai, ƙungiyoyi irin FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, da anka kafa a Minna a 1985 sunka riƙa buɗe makarantu masu haɗa addini da boko. Da anka yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996 ma'aikata sunka cika Gusau, ga kuma shari'a da ta zo a 1999 zuwa 2000 wadda ta ƙara ma zancen raba maza da mata ƙarfi, sai makarantun kuɗi sunka riƙa tsirowa unguwa-unguwa. Da yawansu, har da tamu, a zaure ko garejin mota sunka faro da karatun yamma.

Yadda za ka rubuta naku

Kar ka fara da kwamfuta, ka fara da tsofaffi. Je ka wurin ƙawayen Hajiya da sunka rage, da malamar farko da ta taya ta, da ɗaliban farko waɗanda na tabbata yanzu wasu har sun aurar da ɗiya. Kunna rikoda a waya ka bar su su yi ta zuba. Abin da kake nema ba yabo ba ne, yabon mamaci kowa ya iya shi. Nemi sanin mi ya sa ta fara, wace yarinya ta gani a wane hali har ta ce a shimfiɗa tabarma a zaure, su wa take karɓa ba ko sisi, wa ya ba da filin da kunka gina firamare kuma da wane sharaɗi ya bayar, kyauta ce ga Hajiya ko sadaka ce ga makaranta. Wanga na ƙarshe ka rubuta shi da sunan shaidu tun suna raye.

Da munka yi namu, a cikin wani tsohon akwatin ƙarfe munka samu rijistar farko, littafin nan mai bangon kwali duk gefensa ya sha gara. Wadda ta kafa makarantar takan sa ɗan jan ɗigo a gaban sunan wasu yara, mun daɗe muna kallon abin ba mu gane ba sai da wata tsohuwar malama ta ce ai marayu ne da ɗiyan zawarawa, waɗanda ba a tambayarsu kuɗin wata. Munka bi shafukan, ɗigon nan bai taɓa yankewa ba ko a shekarun da anka sha wuya. Ba ta taɓa rubuta wata manufa da Turanci ba amma ga ta nan da jan biro, kuma daga nan munka ɗauko ƙa'idar cewa a kowane aji akwai kujerun da ba a saida su. Irin wanga abu za ka nema a tarihin Hajiya. Ka kuma rubuta wahalhalun, shekarar da rufin aji ya yaye, lokacin da anka kasa biyan malamai, wanda ya kawo ɗauki. Tarihin da babu faɗuwa a cikinsa ba wanda zai koyi komai da shi.

Manufa kuma

A nan ne ake yawan kwafe-kwafe. Shiga makaranta goma ka karanta bango, duk abu guda ne, za su samar da shugabannin gobe masu tarbiyya da ilimi mai inganci. To wa ya ce zai samar da marasa tarbiyya? Maganar da kowa zai iya sa ma hannu ba ta raba gardama. Manufa ta ƙwarai ita ce wadda za ta hana ku wani abu da ranku ke so.

Fara da tambayar wace yarinya. Ɗiyar ma'aikaci da ɗan kasuwa wadda ko ba ku za ta yi karatu, ko ɗiyar mai tura baro da mai saida ƙuli wadda in ba ku ba daga firamare sai talla sai aure? Duka biyun halas ne, ba na zargin wanda ya buɗe makaranta don neman abinci, sana'a ce. Amma ba za ka ce ta talakawa ce ba sannan ka sa kuɗin da sai mai albashi babba, ka ƙara da yunifom kala uku da littattafan da dole a wurinku za a saya. In haɗawa za ku yi, masu hali su ɗauki nauyin marasa hali, to a rubuta kashi nawa ne na kyauta ko na rangwame kuma wa ke zaɓen su, in ba haka ba shekara kaɗan za ka ga kujerun sun koma na ɗiyan dangi da abokai.

Sai tambaya ta biyu, ina kuke son ta sauka in ta gama. Wanga shi zai tsara muku jadawali da kasafi gaba ɗaya. In kun ce kuna son ku fitar da nas-nas da ungozoma da likitoci, kuma wallahi muna buƙatarsu, duk wanda ya taɓa kai matarsa haihuwa asibitin karkara ya san yadda ake neman ma'aikaciya mace, to yarinya na buƙatar kiredit a Turanci da lissafi da bayoloji da kemistiri da fizis. Ma'ana sai kun gina lab, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, na gaske mai ruwa da kayan gwaji, sai kun samu malaman kimiyya da za su zauna, ba masu bautar ƙasa da za su yi shekara guda su tafi ba, kuma malamin fizis nagari tsada gare shi don kowa na nemansa. In malamai mata kuke son fitarwa, ga kwalejin ilimi ta tarayya nan Gusau wadda ta mata ce zalla, ga ta jiha a Maru, hanya a buɗe take kuma nauyin bai kai na kimiyya ba. In kuma hadda da Larabci ne ƙarfinku, tunda daga Islamiyya kunka taso, akwai jarrabawar NBAIS, hukumar karatun Larabci da addinin Musulunci, da za ku iya bi. Abin da ba na so shi ne a rubuta duka ukun a allo, hadda da kimiyya da koyon sana'a, yarinya ta shigo bakwai na safe ta fita biyar na yamma, ta koma gida ga wanke-wanke ga girki, ƙarshenta ba haddar ba kimiyyar. Zaɓi ɗaya ya zama uwa, sauran su bi bayansa.

Tambaya ta uku ita ce wadda ta fi damuna, don ita ce ainihin aikin makarantar mata a ƙasarmu: mi za ku yi ranar da yarinya ta daina zuwa? Shigar da yara mata aji ɗaya ba wuya. Inda ake zubewa shi ne tsakanin JS3, ƙarshen ƙaramar sakandare, da SS1, farkon babba, lokacin da ta girma, masu neman aure sun fara sallama, kuɗin makaranta ya ƙaru, uba na lissafin kuɗin WAEC da NECO da ke tafe yana kwatanta shi da kuɗin kayan ɗaki. Akwai kuma abin da maza ba ku cika lura da shi ba, yarinya ta fara al'ada a makarantar da banɗakinta ba ƙofa ba ruwa, sai ta riƙa fashin kwanaki duk wata, karatu ya wuce ta, kunya ta kama ta, a hankali ta janye. Mu a wurinmu ƙa'ida ce, in kujera ta yi kwana uku ba kowa malamar aji za ta sa hijabinta ta je gidan, ba takarda za a aika ba, kuma da uwa ake fara magana kafin uba. Akwai kwabar da ake ajiye audugar mata da yunifom na canji a ofishin wata malama, ba a tambayar kowa dalili. Wadda anka yi ma aure kuma ba mu rufe mata ƙofa, ana zama da mijin a yi yarjejeniya, in ta haihu ta huta ta dawo. Wasu iyaye sun yi ƙorafi cewa matan aure za su buɗe ma 'yan mata ido, munka raba musu wurin zama lokacin hutun tara, munka ci gaba. In manufarku ba ta ce komai a kan wanga ba, to ranar da abin ya taso ra'ayin wanda ya fi ɗaga murya a taron iyaye da malamai na PTA shi zai yi aiki.

Ka ƙara layi guda a kan satar amsa. Makarantun kuɗi na fuskantar matsin lamba a nan, don iyaye sakamako suke kallo, makarantar da ta fitar da kiredit tara-tara ita ke cika a shekara mai zuwa ko ta wace hanya anka samu. Ku yanke shawara tun yanzu ku rubuta, ku kuma sani za ku rasa wasu ɗalibai a SS3 da za a kwashe a kai inda ake "taimakawa". Yarinyar da anka rubuta ma kemistiri ita ce gobe za ta riƙe allura a kan ɗan wani.

Wa ke da makarantar?

Ɗana, wanga shi ne inda nake son ka fi natsuwa, tunda ka ce Hajiya ta rasu ta bar muku. A shari'a abin da mamaci ya bari, bayan an fitar da bashi da wasiyya, gado ne sai in ya fitar da shi daga mallakarsa tun yana raye. Yau kanku haɗe yake, amma gobe ɗayanku zai buƙaci kuɗi, ko ya rasu nasa magadan su ce a raba, filin makaranta kuma a cikin gari kullum ƙara daraja yake. Na ga makarantar mata mai kyau da ta watse a haka, ba don karatu ya lalace ba, magada sunka saida filin anka yi shaguna, yaran sunka warwatsu, wasu daga nan ba su sake shiga aji ba.

Hanya biyu ce a gabanku. Ko ku bar ta kasuwancin iyali, a yi mata rijistar kamfani, kowa ya san kasonsa da yadda zai fita in ya so ba tare da an taɓa ginin ba. Ko kuma magada duka su yarda a mayar da fili da ginin waƙafi da sunan Hajiya, a rubuta a gaban shaidu, a yi rijistar amintattu a CAC, hukumar rijistar kamfanoni, yadda makarantar za ta tsaya da ƙafarta, a sa mutanen waje a cikin amintattun, musamman mata, ko da tsohuwar ɗaliba guda. Ni ta biyun na fi so ga makarantar da ta faro don Allah, amma sai da yardar kowa, kar a tursasa ma wata ƙanwarku mai buƙata ta bar haƙƙinta don kunya. Ni malamar makaranta ce ba lauya ba, don haka wanga sashe ku zauna da malamin da ya san fiƙihun gado da waƙafi, da lauya, kuna iya tuntuɓar hukumar zakka da waƙafi ta jiha ma. Ko wacce kunka ɗauka, asusun makaranta ya rabu da aljihun gida tun daga yau, mai makaranta ma a yanka masa albashi.

To ga na gwamnati fa?

Akwai su, kuma kar ka raina su, mu da yawa can munka yi. Ga kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya, FGGC Gusau, ga ta Gwandu, ga makarantun mata na jiha, ga shirin AGILE na Bankin Duniya da ke gyaran makarantu, wanda Kebbi na cikin jihohin farko Zamfara ta shigo daga baya. Amma dauri ƙarfin karatun mata a nan makarantun kwana ne, a ɗauko yarinya daga ƙauye a kai ta inda za ta zauna ta yi karatu ba talla ba aike. Rashin tsaro ya karya wanga. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 anka kwashe ɗalibai 279 a Jangebe, a watan Yuni na shekarar anka shiga FGC Birnin Yauri inda wasu 'yan matan sai 2023 sunka dawo gida, ga kuma satar ɗalibai mata a makarantar Maga a ƙarshen 2025. Ba uban da zai ji wanga ya kwana da daɗi ɗiyarsa na hostel a bayan gari. Don haka makarantar jeka-ka-dawo a cikin gari, mai katanga da maigadi, wadda yarinya za ta taka da ƙafa ta dawo kafin la'asar, tana da wurin zama babba yanzu. Kar ku yi sha'awar kwana, kar kuma arhar fili ta ja ku bakin daji.

Zancen mata zalla kuwa, ban yarda cewa raba su kaɗai na sa karatu ya yi kyau ba, na ga ta mata zalla da ba a koyon komai. Abin da na gani da idona shi ne akwai iyaye da yawa da in ba ta mata ba ce ba za su bar ɗiya ta wuce firamare ba, kuma a ajin da ba maza yarinya ta fi sakin jiki ta ɗaga hannu, ita ce monita ita ce mai gwaji a lab. Wanga ya isa dalili. Sai dai ka sani iyayen nan za su tambaye ka su wa ke koyarwa, kuma malamai mata na kimiyya ba su da yawa, don haka ku fara renon naku, ɗalibarku da ta yi fice ku taimaka mata ta yi NCE ko digiri da sharaɗin ta dawo ta koyar.

Abin da na sani na cikin garin Gusau ne, Kaura ku kunka san aljihun mutanenku. Kuma makarantar kuɗi komai kyan niyyarta ba za ta kai ga mafi talauci ba sai 'yan kaɗan, ɗiyan 'yan gudun hijira da ke cika garuruwanmu sun fi ƙarfin kujerun kyauta na makaranta guda. Ga tsada, tun da anka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, malamin da ba ka biya da kyau yana samun aikin gwamnati zai tafi a tsakiyar zango. Shawarata ku buɗe JS1 kawai, aji guda, da yaranku da sunka gama firamare, ku riƙa hawa da su shekara-shekara. Hakan zai ba ku shekara uku kuna gina lab da neman amincewar hukumomin jarrabawa kafin a kai babbar sakandare, in kuma kunka ga lissafi bai fita ba kuna iya tsayawa a JS3 ku haɗa kai da wata makaranta da za ta riƙa karɓar yaranku. Takardar kanta kar ta wuce shafi biyu, a rubuta ta da Hausa tukuna a karanta ma iyaye mata su ji, sannan a juya ta Turanci don ma'aikata. In kun gama turo min in duba, ka gaida 'yan'uwanka.